Yadda Apakuki Ya Zille wa Taubashinsa a Suva

Apakuki mutumin tsibirin Kandavu ne, manomi kuma masunci, ya ba shekara hamsin baya. Duk ƙauyensu ba wanda zai ce maka mugu ne. Yana da kyauta, yana da riƙon amana, ba ya fashin coci ranar Lahadi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bai yarda a ce bai sani ba. In ka kawo masa zancen da bai taɓa ji ba, sai ya gyara zama ya ce, "Wannan ai tsohon labari ne." In ya ɓace a daji, sai ya dawo da yamma ya ce zagaya gonaki ya yi. Mutum ne da ya gwammace ya wuni da yunwa da ya tambayi matarsa inda ta ajiye tukunya.

Ba wanda ya san wannan hali kamar Sakiusa, ɗan kawunsa kuma yayan matarsa Salanieta, wato taubashinsa. A wajenmu taubashi yana da ikon ya tsokane ka a gaban jama'a, ya cinye abincinka, ya ɗauke rigarka daga kan igiya, kai kuma ba ka da ikon fushi, sai dai ka rama. Sakiusa ya yi shekara ashirin a birnin Suva, can ƙetaren teku, yana dako a tashar jiragen ruwa. Duk Kirsimeti in ya zo gida, Apakuki ne abin wasansa, kuma Apakuki bai taɓa yin nasara a kansa ba. Yana dariya tare da kowa, amma abin yana cinsa a rai.

Apakuki yana da ɗa namiji guda, Isikeli, ana ce masa Keli. Shekara biyu kafin wannan labari, Keli ya ce zai shiga soja, uban ya ce sai dai ya zauna ya riƙe gonar yangona, shukar da ake dama saiwarta a sha. Al'adarmu ce, duk wanda zai yi tafiya mai nisa sai ya yi tatau: ya kawo saiwar yangona, ya durƙusa gaban mahaifinsa ya nemi izini, uban ya ɗora hannu a kan saiwar ya sa masa albarka, sannan a daka a dama a sha. Keli ya kawo saiwarsa ya durƙusa. Apakuki ya tashi ya fice daga ɗakin, ya bar shi a durƙushe. Haka yaron ya tafi ba da albarka ba, kuma tun ranar ba su sake haɗuwa ba.

Wata rana jirgin ruwa ya kawo wasiƙa. Salanieta ce ta karanta. Keli ya rubuta cewa za a tura su Lebanon na shekara guda, inda ake harbe-harbe. An ba shi izinin fita ranar Alhamis daga ƙarfe tara na safe zuwa ƙarfe biyu, zai kasance a gidan Kawu Sakiusa. Ya ce, "Baba, ba na son in hau jirgin nan ba tare da hannunka ba. Ka zo in sake durƙusa maka."

Apakuki ya juya baya yana kallon teku. Gaskiyar magana, ya daɗe da nadama, girman kai ne kawai ya hana shi faɗa. Ya ce, "To, in ya ga dama ya gane kurensa, sai in je."

"Akwai saura," in ji Salanieta. "Yaya ma ya yi rubutu a ƙasa."

"Me wancan ɗan dakon ya ce?"

Ta karanta tana danne dariya: "Taubashi, in jirgi ya tsaya, ka zauna a kan kayanka kada ka motsa sai na zo. Wannan abu mai ƙafa huɗu da ke gudu a titi mota ake ce masa, ba ya cizo, kada ka jefe shi. Zan zo da igiya in ɗaura maka a ƙugu, kada ka ɓace mini a kasuwa."

Maƙwabtan da ke zaune suka bushe da dariya. Apakuki ma ya yi, amma ta iya baki.

Ranar tafiya Salanieta ta miƙo masa takardar. "Baban Keli, riƙe wannan, lambar gidan tana jiki."

"Ni da nake kai kwalekwale bayan duwatsun teku in dawo, ni ne zan nemi gidan Sakiusa da takarda? Unguwar Raiwanga ce, kusa da coci, da bishiyar mangwaro a ƙofa. Sau nawa ya cika mu da labarin?"

"Birni ba ƙauye ba ne."

"Birnin ba mutane ne suka gina shi ba?"

Ta mayar da takardar cikin Littafi Mai Tsarki. Ta san mijinta.

Ya tono saiwar yangona mafi girma a gonarsa, wadda ta shekara bakwai a ƙasa, ya naɗe ta da kyau. A cikin jirgi, yana zaune tsakanin buhunan gwaza da mutanen wasu ƙauyuka da bai sani ba, ya yi ta tsara maganar da zai faɗa wa ɗansa. Ya sa wannan kalma, ya cire waccan. Har ya yanke shawarar zai ce, "Ni ma na yi kuskure," abin da bai taɓa fitowa daga bakinsa ba tun da aka haife shi.

Ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis jirgi ya shiga Suva. Apakuki ya tsaya jikin ƙarfen gefen jirgin yana kallo. Gidaje ne a kan gidaje har saman tudu, ga hayaƙi, ga ƙarar da bai san daga ina take fitowa ba. Can ƙasa a cikin taron masu tarya ya hango Sakiusa, da jar riga, yana wangale baki. Kuma wallahi da igiya a hannunsa, ya naɗe ta yana kaɗawa sama don kowa ya gani.

Nan Apakuki ya ji jininsa ya hau. Ya ga yadda za a ba da labarin nan a ƙauye har jikoki: ranar da aka ja Apakuki da igiya a Suva. Sai wata dabara ta faɗo masa. Keli ba zai iso ba sai tara. Me zai hana ya zille, ya riga Sakiusa zuwa gidansa, ya zauna a kan tabarmarsa yana shan shayinsa? In mutumin ya dawo a gajiye, sai ya ce masa, "Taubashi, ina ka shiga? Ko ɓacewa ka yi in aiko da igiya?" Shekara ashirin yana jiran rana irin wannan.

Ya yafa tawul a ka, ya karɓi buhun wata tsohuwa ya saɓa a kafaɗar da ke fuskantar Sakiusa, ya sauka a tsakiyar turmutsutsu. Ya wuce ta gabansa, tazarar da ba ta fi taku biyar ba. Sakiusa yana ta ɗaga wuya yana duban saman jirgi. Da Apakuki ya fita ƙofar tasha ya sauke wa tsohuwa buhunta, har da 'yar dariyarsa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Titin farko ya tsaya a bakinsa ya fi minti goma yana jiran motoci su ƙare, ba su ƙare ba. Sai da ya ga wata mata ta tsallaka, ya bi bayanta kamar da ma tafiyarsu ɗaya. Ya gaida mutum na farko, ya gaida na biyu, na uku ya dube shi kamar zai roƙe shi wani abu. Daga nan ya daina gaisuwa. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai, a ce ga mutane sun fi kifin teku yawa, amma ba wanda ya ce masa daga ina, zuwa ina.

A gefen kasuwa wata mai sayar da gwaza ta ƙura wa saiwar da ke hammatarsa ido. "Baba, wannan yangonar Kandavu ce ko ban san gida ba. Yau ka sauka?"

"Yau."

"Ni ma 'yar can ce. Wa ka zo wa? Faɗa mini in sa ka a bas."

Bakinsa ya buɗe zai faɗa. Sai ya tuna 'yar Kandavu ce, kuma duk 'yan Kandavu na Suva sun san juna. Kafin Lahadi labari ya kai kunnen Sakiusa cewa mai gwaza ce ta nuna masa hanya. Ya ce, "Na gode, 'yata. Ba yau na fara zuwa ba."

"To, Allah ya kiyaye," in ji ta, ta koma kan cinikinta.

Ga tashar bas nan a gabansa, motoci jere suna ta gurnani, kowace da rubutu a goshi. Ya ga hawa bas sai an tambayi direba inda za a sauka, don haka ya ce ƙafa ta fi. Ya tuna Sakiusa ya taɓa cewa daga bayan gidansa ana ganin fitowar rana a kan ruwa. Gabas ke nan. Ya ɗaga kai zai duba rana, sai ya tarar hadari ya rufe ta, irin na Suva da ba ya sallama. Ruwa ya sauko. Ya cusa saiwar cikin rigarsa, ya zaɓi titin da ya yi masa kama da gabas, ya miƙa.

Titin ya hau tudu, ya lanƙwasa, ya rabu biyu, wanda ya bi ya sake rabuwa uku. A teku in ka sa gaba gabas, gabas za ka. A nan kuwa hanya ce ke juya mutum yadda ta so. Ya wuce shagunan Indiyawa masu ƙanshin yaji, ya wuce gidajen manya masu shinge da karnuka, ya wuce wata makaranta sau biyu, ya ce wa kansa makarantun birni duk kamarsu ɗaya. Wani mai tasi ya rage gudu ya leƙo. "Baba, ina zuwa? Ruwa fa ake yi."

"Nan gaba kaɗan," in ji Apakuki.

Sai ya ji agogon wani gini ya buga goma sha ɗaya. Keli ya yi awa biyu a gidan ke nan. Wasan ya riga ya lalace, shi ma ya sani. A nan ne mai hankali zai tare mutum na farko ya ce, don Allah ina ne Raiwanga? Amma Apakuki ya ce a ransa, in ya isa da ƙafarsa, ko a makare ne, zai iya cewa gari ya tsaya kallo. Abin da ya yi shi ne, ya ga wata bas da sunan unguwar a goshinta, ya bi hanyar da ta bi. In ta ɓace masa, ya tsaya ya jira wata. Da haka, jiƙe sharkaf, ƙafafu sun yi kanta, ya shiga Raiwanga wajen sha biyu da rabi.

Ya tsaya yana dube-dube. Dogayen gidaje ne a jere, fenti ɗaya, taga ɗaya, matakala ɗaya, kamar an zuba su daga tukunya guda. Ya nemi coci ya samu. Ya ɗan yi gaba ya ga wani cocin. Ya karya kwana ya ga na uku, ana ta buga ganga a ciki. Mangwaro kuwa, kusan kowane lungu da nasa. A ƙauyensu in an ce kusa da coci an gama kwatance, don coci ɗaya ne.

Duk da haka da sauran lokaci. Awa guda da rabi ta isa a yi tatau har a ci abinci. Amma a nan Apakuki ya yi kuskuren da ya fi duka, kuma kuskure ne irin namu. A ƙauye baƙo ba ya tambaya, shi ake tambaya. In ka ratsa ta ƙofar gida da tsakar rana, dole wani ya ƙwala maka kira, shigo ka ci abinci. In ka zauna, a cikin hira za a ji wanda ka zo wa, a raka ka har ƙofa, ba tare da ka nuna ka rasa hanya ba. Sai ya samu gindin mangwaro kusa da cocin farko, ya zauna, ya ɗora saiwarsa a cinya yadda kowa zai gani, yana jiran a kira shi.

Ƙanshin miya yana fitowa daga tagogi. Ana ta wucewa. Wani ya ɗaga masa gira ya yi gaba. Wata ta leƙo daga bene ta ja labule. Ba mugunta ba ce, su a wajensu dattijon da ya zauna a inuwa hutawa yake yi. Apakuki yana zaune yana jin haushinsu, yana cewa mutanen birni sun zubar da al'ada. Bai ga cewa shi ne ya zo da al'adar inda ba a jin yarenta ba.

Sai da wani rediyo a bene ya faɗi ƙarfe biyu saura kwata, sannan tsoro ya kama shi na gaske. Ya ga fuskar Keli a durƙushe shekara biyu da suka wuce. Ya miƙe da sauri, ya nufi wata mata da ke shanya bayan ɗaukewar ruwa. Maganar ta fito masa da ƙyar.

"'Yar'uwa, don Allah, gidan Sakiusa nake nema."

"Wane Sakiusa? Muna da uku."

Ya faɗi sunan zuriyarsu da na kakansu. Ta girgiza kai. "Baba, nan ba a san mutum da kakansa ba. Lamba nawa?"

"Ban sani ba," in ji Apakuki. "Ɗan Kandavu ne, yana dako a tasha. Ɗan ƙanwarsa soja ne, yau zai tafi."

Matar ta saki rigar da ke hannunta. "Kai ne dattijon da ake nema tun safe? Taho, taho."

Ba kusa ba ne kamar yadda ya zata, can ƙarshen unguwar ne bayan coci na huɗu. Suna tafe yana haɗawa da gudu, tana ce masa ya yi a hankali. Da suka iso, ga takalma a ƙofa, ga kifi da kaji da gwaza da aka gasa a rami an jera a kan ganye, ba wanda ya taɓa. Mutane suna zaune shiru a kan tabarma. A tsakiya ga akushin yangona, a gabansa an bar wuri guda ba kowa.

Sakiusa ya taso. Apakuki ya sunkuyar da kai yana jiran tsiya, yau kam ya san ya cancance ta. Amma Sakiusa bai yi dariya ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Baban Keli. Shigo ka zauna." Tun suna yara bai taɓa kiransa da wannan suna ba.

"Ina yake?"

"Motar soja ta zo ta ɗauke shi. Daga bariki kai tsaye za su filin jirgi, can ɗaya gefen tsibirin nan. Ba a barin kowa ya matso."

Apakuki ya zauna, ba a wurin da aka bar masa ba, a bakin ƙofa.

"Na jira har jirgi ya zama ba kowa," in ji Sakiusa. "Na shiga na duba ko'ina. Na tambayi ma'aikata, suka ce ba sa rubuta sunan masu zama a kan kaya. Da Keli ya iso na gaya masa, bai ko zauna ba. Mun koma tasha, mun je wajen 'yan sanda, mun je asibiti. Duk awa biyar ɗin da aka ba shi a titi ya ƙare su. Ta ina ka fita ban gan ka ba?"

Apakuki zai iya cewa turmutsutsu ne. Kowa zai yarda. Ya ce, "Na gan ka. Ɓuya na yi. So na yi in riga ka zuwa gida in yi maka dariya."

Sakiusa ya dube shi, ya share fuska da tafin hannu. "Ni ma da ban zo da igiyar nan ba," ya ce a hankali.

"Ya yi tatau ɗin?"

"Ya yi. Da lokaci ya ƙure ya durƙusa a gaban wurin nan da muka bar maka, ya faɗi abin da zai faɗa. Ba wanda zai amsa, sai na ɗora hannuna na amsa. Kawu ne ni, ya halatta, amma ba hannuna yake so ba."

"Me ya ce?"

Sakiusa ya yi kamar ba zai faɗa ba. Matarsa ta kau da kai tana goge ido.

"Da zai hau mota ya riƙe ni ya ce, 'Kawu, ku daina wahalar da kanku. Mutum ba ya ɓacewa tsakanin jirgi da ƙofa. Baba bai hau jirgin ba ne. Ku ce masa na gane, ban riƙe shi a zuciya ba.' Na yi ta rantse masa cewa uwarsa ta aiko da saƙo kana tafe. Murmushi kawai ya yi."

Apakuki ya zaro saiwar daga cikin rigarsa. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ya ajiye ta a kan tabarma, ya rufe fuska da hannu biyu, ya yi kuka a gaban taubashinsa da matan gida da baƙuwar da ta rako shi, bai damu da wanda zai ba da labari ba. Ya ratso teku don ya gaya wa ɗansa ya yafe, ya shigo gari awa biyu kafin yaron, amma ɗan ya tafi ƙasar yaƙi yana ganin ubansa ya sake tashi ya bar shi a durƙushe.

Washegari suka rubuta wasiƙa, Sakiusa ya kai shi gidan waya. Ma'aikacin ya ce kafin ta isa hannun soja a can, sai a yi mako biyar ko shida. Apakuki ya koma Kandavu ya zauna jiran jirgi. Duk ranar da jirgi zai zo, tun da sassafe yana bakin ruwa. Kuma ko da amsa ta zo, takarda ce za ta amsa takarda. Albarkar tatau da hannu ake sa ta, ido cikin ido, ranar tafiya, kuma ranar ta wuce.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, faɗin "ban sani ba" ba ya rage wa mutum daraja, ƙin faɗinsa ne ke jawo asara. Duk wanda ya shiga wurin da bai sani ba, ya ajiye girman kansa, ya karɓi hannun da aka miƙo masa, ya yi tambaya tun da sauran lokaci, kada ya ɗauka abin da ya saba da shi a gida zai yi masa aiki a ko'ina. Kuma kada mutum ya bar son cin nasara a ƙaramin abu ya mantar da shi babban abin da ya fito da shi. Apakuki ya guje wa dariyar minti biyar, ya biya da abin da ya fi ƙauna, kuma ba shi kaɗai ya biya ba. Yawanci haka girman kai yake: mai shi ne ke yi, amma na kusa da shi ne ke fara shan wahalarsa.